Gishiri Nawa Ne "Daidai"?

Assalamu alaikum 'yata. Saƙonki ya iso, na karanta shi sau biyu, na farko ina dariya, na biyu ina tausayinki. Kin ce tun da kika koma zama ke kaɗai sau uku kina ƙona shinkafa, kuma duk sanda kika kira mamanki kika tambaye ta gishiri nawa za ki sa, sai ta ce "ki sa daidai." Shi ne kike tambaya, wai Gwaggo me ya sa manya ba sa awo, kuma dole sai an tsaya kusa da babba ake koyon girki, ko littafi da waya sun isa?

Bari in fara wanke mamanki, ba rowar sani take miki ba. Wannan "daidai" ɗin ya girme mu duka. Mafi tsufan rubutun girki da aka sani yana jikin wasu allunan yumɓu na ƙasar Babila, Iraƙi ta yau, da aka rubuta wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, yanzu suna ajiye a Jami'ar Yale ta Amurka. Sun lissafa nama da kitse da albasa da tafarnuwa da ruwa, amma da wuya ki ga inda suka faɗi nawa za a zuba. Mai rubutun ya ɗauka mai karantawa ɗan hannu ne. Awo da kofi da cokali a shafe samansa, abin jiya-jiya ne. Wata malamar girki a birnin Boston, Fannie Farmer, ita ta yaɗa shi da littafinta na 1896. Yau ƙaramin cokalin awo mililita 5 ne, babba 15, kofi kuma kusan 240.

To amma manya suna awo, ma'aunin ne ya koma cikin hannu. Mace ta shekara talatin da tukunya ɗaya da ludayi ɗaya, tana dafa wa mutanen da ta san yawansu, yau da gobe sai yatsunta su haddace. Ki canja mata tukunya ki ga abin mamaki. Ni kaina na taɓa girki a gidan da ba nawa ba, na ɗebi gishiri yadda na saba, ashe nasu mai laushi ne kamar gari, nawa kuwa mai tsakuwa-tsakuwa. Mai laushi ya fi cika hannu. Ranar kowa ya ci yana shan ruwa yana yi mini kara.

Saboda haka ke ki auna, babu kunya a ciki. Ki ware kofi ɗaya da cokali ɗaya da tukunya ɗaya, kada ki canja su. Idan kin auna gishiri, kafin ki zuba a tukunya ki juye shi a tafin hannunki, ki dube shi, ki ga inda ya tsaya a tsakanin zanen tafin. Wata biyu kina haka za ki nemi cokalin ki rasa inda kika ajiye shi. Kuma ki fara da rabin abin da kike zato, ki ɗanɗana, ki ƙara. Lami yana gyaruwa, amma idan gishiri ya zarce sai dai ki ƙara ruwa ko kayan haɗi. Za a ce miki ki jefa dankali ya tsotse gishirin. Na gwada, romo yake sha da gishirinsa duka, abin da ya rage a tukunya yana nan yadda yake.

Sai dai ni a ganina ba gishiri ne matsalarki ba, wuta ce. Duk sabon shiga ƙure wuta yake yi don ya gama da wuri. Ruwa idan ya kai digiri 100 ya tafasa, ba ya ƙara zafi ko da za ki ninka wutar, sai dai ya ƙone da sauri ya bar miki abinci a kan ƙarfe tsirara. Abin da ya sami shinkafarki ke nan, sama da gari-gari, ƙasa ƙanzo. Ki auna kofi ɗaya na shinkafa da ruwa kofi biyu ko ƙasa da haka kaɗan. Da ta tafasa ki rage wuta can ƙasa, ki rufe, ki ɗauke hannunki minti 15 zuwa 18. Kada ki buɗe, kada ki juya, tururin ne ke aikin. Ki kashe wuta ki bar ta a rufe wasu minti 10. Idan ta caɓe, gobe ki rage ruwa, idan ba ta dahu ba ki ƙara, kuma ki rubuta a ɗan littafi don kada ki manta.

Suya kuma akasin haka ce, tana son zafin da ya wuce na tafasa. Wannan jan da nama ke yi a kasko, mai ƙamshin nan da ke kiran maƙwabta, ba ya kankama sai wajen digiri 140. Wani masani Bafaranshe, Maillard, shi ya fara bayanin yadda abin ke faruwa a 1912, amma kakanninmu sun san shi da hanci. Muddin akwai ruwa a jikin naman, zafin ba zai wuce 100 ba, shi ya sa idan kika cika kasko da jiƙaƙƙen nama sai ya yi ta fitar da ruwa yana dahuwa, ya yi fari fat. Ki tsane shi, ki sa kaɗan-kaɗan. Albasa ta riga tafarnuwa shiga mai, domin tafarnuwa ba ta minti ɗaya ta ƙone ta yi ɗaci.

Nan ne amfanin tsayawa kusa da babba. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma girki har da kunne da hanci. Ki jefa yanka ɗaya na albasa a mai: idan ya nutse shiru, mai bai yi zafi ba, idan ya yi "cuuu" a hankali da ƙananan kumfa kewaye da shi, to bismillah, idan mai na hayaƙi kin makara. Shinkafa ma tana magana, daga ɓararraka ta koma wani ɗan ƙas-ƙas, alamar ruwa ya ƙare. Bidiyo ba ya ɗauko ƙamshi, kuma suna yanke jiran, ki ga albasa ta yi ja cikin daƙiƙa biyar alhali ta ci minti goma. Ki kalla, ki karanta, ba na hana ki. Amma idan kin zo hutu ki shiga kicin da mamanki riƙe da cokalinki. Duk abin da ta ɗebo ki tare shi, ki auna, sannan ya shiga tukunya. Za ta yi miki tsiya, ki jure.

Akwai kuma inda ba na bin manya, ko da ni ce babbar. Barin dafaffen abinci a waje har ya kwana, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa 2 ba a sa shi a sanyi ba. Shinkafa ta fi yaudara, domin akwai ƙwayar cutar da dahuwa ba ta kashewa, shinkafar na hucewa sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Kaza ki tsaga ta kusa da ƙashi, idan ruwan ja ne ki mayar. Wuƙar ɗanyen nama kada ta taɓa abin da za a ci ɗanye sai an wanke ta da sabulu. Idan mai ya kama da wuta, don Allah kada ki watsa ruwa, tashi zai yi har rufi. Ki kashe murhu, ki kife murfi a kai, ki ja da baya.

Wannan makon kada ki taɓa komai sai abu uku: shinkafa, ƙwai, da miya mai sauƙi ta albasa da tumatir. Ki maimaita su har su gundure ki. Ranar Lahadi ki kira ni ki karanta mini abin da kika rubuta, kofi nawa, minti nawa, da yadda ƙasan tukunyar ya kasance. Tukunyar da kika ƙona kuwa kada ki kankare ta da wuƙa, ki jiƙa ta da ruwan zafi ta kwana. Ki gaida mamanki.