Amsa ga mai tambayar zanen Winamp da ya ƙi tsayawa wuri ɗaya

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanena da ya yi tambaya da safe, wai zanen nan mai rawa da kiɗa a Winamp, manhajar kunna waƙoƙi, sai canzawa yake yi shi kaɗai, ko kwamfutarsa ce ta kamu da cuta. Lafiyarta ƙalau wallahi. Haka aka ƙera shi. MilkDrop sunansa, Ryan Geiss ne ya haɗa shi tun 2001, kuma da gangan yake juya zane bayan ɗan lokaci. Kai dai so kake in ka samu wanda ya yi maka, ya tsaya. Ko ba haka ba?

To ka danna maɓallin Scroll Lock a kibod. Shi ke nan, ya kulle. Ka sake dannawa ya saku.

Na san za ka ce ba ka gan shi a laftof ɗinka ba. Nan ne ma haushina yake. An bi an cire maɓallin nan daga laftof da yawa, wai ba a amfani da shi. Wa ya ce? Akwai bikin da na yi a Kano, na haɗa majigi, na zaɓi wani shuɗin zane mai tafiya a hankali kamar ruwa saboda shigowar amarya. Ana buɗe ƙofa, kowa ya miƙe, sai abin ya juye zuwa wani ja mai walƙiya. Ina lalube, babu maɓallin. Uwar amarya ta waigo ta dube ni, har yau ban manta da kallon nan ba. Tun ranar nake yawo da kibod mai igiya a jaka. In ba ka da shi, buɗe kibod ɗin kan allo na Windows, akwai ScrLk a jiki, ka danna kafin ka cika allo.

Sauran kuwa ba wuya. Space zai kai ka zane na gaba a hankali, H ya yanke nan take, shi nake bugawa daidai faɗuwar ganga. In ka wuce wanda kake so, Backspace. L jerin zanukan ne gaba ɗaya.

Gyaran hannu kuma, W na canza siffar igiyar sautin, G na ƙara haske... a'a, tsaya, babban G ne ke ƙarawa, ƙaramin g ragewa yake yi. Don haka ka lura da Caps Lock, mutane da yawa nan suke rikicewa. In ya yi yadda kake so ka danna S ka adana da sabon suna, in ba haka ba da zarar ya juya wahalarka ta tashi a banza.

Af, kunna MilkDrop ɗin ma, Ctrl da Shift da K. Kuma don Allah ka danna F1, maɓallan suna nan a rubuce. Gwada yanzu ka turo mini hoton allon.