Yadda za ka gane malamin binciken ƙwaƙwalwa mai tasiri

Ɗan uwa, kana tambaya ta yaya za ka gane ko malamin da kake so ya duba aikinka na digiri na biyu a fannin ƙwaƙwalwa yana da tasiri. Ka buɗe Google Scholar, shafin neman takardun binciken ilimi, ka sa sunansa, ka duba sau nawa wasu suka kafa hujja da aikinsa, sannan ka duba su waye yake rubutu tare da su. Akwai ma'aunin tasirin malami da ake kira h-index, wanda masanin kimiyya Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005, idan ka ga 10 to yana da takardu 10 da kowacce aka ambace ta aƙalla sau 10.

Amma gaskiya ni abokan aikinsa na fi kallo, saboda binciken ƙwaƙwalwa yana cin kuɗi, na'urorin hangen ƙwayoyin halitta da sinadarai ba ko'ina ake samu a Kano ba, malamin da ke da alaƙa da likitocin asibitin Malam Aminu Kano ko wani ɗakin gwaji a Ingila shi zai buɗe maka ƙofa. Nawa malamin haka ya tura samfurina waje aka gwada. Ka kuma duba ko ɗalibansa suna fitowa a farkon jerin sunayen marubutan takardunsa.