Girki mai gina jiki ga uwa ma'aikaciya a lokacin hunturu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Zariya, ina fita da sassafe, ba na dawowa sai bayan la'asar, yarana kuma sun koma cin taliyar leda kusan kullum. Ta yaya zan ciyar da su abinci mai gina jiki a ɗan lokacin da nake da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta zo a kan gaɓa, domin daga Disamba zuwa Fabrairu kayan noman rani suna cika kasuwa, tumatir da attaruhu da albasa da karas da kabeji duk suna araha. Ranar Asabar ki markaɗa kayan miyan mako guda, ki tafasa har ruwan ya tsotse, markaɗen ya yi kauri, sannan ki raba shi a ƙananan robobi ki sa a firji. Idan wutar unguwarku ba ta da tabbas, ki yanka tumatirin ki shanya a kan tabarma mai tsabta, ki lulluɓe shi da yadi mai shara-shara saboda ƙurar hunturu.

Wake kuwa ki jiƙa shi tun da dare, ba zai daɗe a wuta ba, ki haɗa shi da shinkafa da yankakken kabeji.

Abin da ya fi damuna a taliyar leda shi ne gishirin da ke cikin sinadarinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a rana, yara kuma ƙasa da haka, saboda haka ki rage dunƙulen ɗanɗano, ki ƙara daddawa a miyarki.