Alƙalinmu na zaman kotu biyu: shin hukuncinsa yana aiki a kanmu?

Tambaya: Barista, ni na tsaya wa ƙanena beli a kotun majistare ta ƙaramar hukumarmu. Tun da aka yi wa alƙalinmu canjin wurin aiki, na ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da mu ne ke zuwa sau ɗaya a mako. Sau biyu muna zuwa ba a zauna ba. Wani da ke zama a bakin kotun ya ce alƙalin aro ne, ba shi da hurumi a kanmu, kada mu ƙara wahalar da kanmu, ko mu kawo kuɗi ya sa a mayar da fayil ɗin birni. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Malam, ka kwantar da hankalinka, amma ranar da aka ɗage shari'ar ku kasance a kotu tun da safe, kai da ƙanenka.

Majistare ma'aikacin jiha ne. Hukumar kula da harkokin shari'a ta jiha ce ke naɗa shi, Babban Jojin Jiha kuma shi ke tura shi inda zai zauna. Idan ya ce ya riƙe kotu biyu saboda ƙarancin alƙalai, ikonsa a kotunku cikakke ne.

Wannan maganar ta "alƙalin aro" ta ishe ni. Kusan kullum sai na ji ta, daga bakin mutanen da ba su taɓa buɗe kundin doka ba, sai zaman benci a ƙofar kotu da tsohuwar jaka a hammata suna jiran wanda ya zo a ruɗe. Ga abin da ke biyo baya idan kun saurare shi. Ranar da alƙali ya zauna, magatakarda zai kira sunan ƙanenka sau uku, shiru. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara zai miƙe ya nemi takardar kamu, a ba shi nan take. A soke belin, a kai yaro gidan gyaran hali, kuma tunda alƙalin sai mako-mako yake zuwa, ko roƙon sabon beli sai kun jira zagayowarsa. Kai kuma da ka sa hannu a takardar beli, za a kira ka ka faɗi dalilin da zai hana a karɓi kuɗin da ka ɗauki alkawari; in ka kasa biya, abin na iya kai ka ga ɗauri. A ranar, mai zaman bencin nan ko ƙeyarsa ba za ka gani ba.

Batun mayar da fayil birni kuwa damfara ce tsagwaronta. Babu dillalin da ke da wannan iko. Takardar koke ake rubuta wa Babban Joji, da dalili. Ko an amince ma, in an riga an saurari shaidu, sabon alƙali daga farko zai soma. Wa gari ya waya?

Ba na wanke gwamnati. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Sashe na 34 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya (ACJA) ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tata, ya ɗora wa majistare ziyarar ofisoshin 'yan sanda duk wata don duba waɗanda ke tsare. Mutum ɗaya mai kotu biyu, yana rubuta bayanin shaidu da hannunsa, yaushe zai iya duk wannan? Talaka ne ke biyan kuɗin mota a banza, kuma abin yana ci mini rai.

Duk ranar da ba a zauna ba, kada ku juya daga bakin ƙofa. Ku shiga wurin magatakarda, ya ga ƙanenka ido da ido, ya ba ku sabuwar rana, ka rubuta ta a gabansa. In rashin lafiya ta hana ƙanenka zuwa, kai ka je da takardar asibiti.