Amsa: Mata na da ta cewa a hukumar ilimi a Saudiyya?

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya ko mata na da ta cewa wajen tafiyar da makarantun gwamnati a nan, tunda 'yarki na sha'awar aikin.

An samu sauyi sosai. Tun 1960 makarantun 'yan mata suna ƙarƙashin hukuma ta daban wadda malaman addini ke jagoranta. Sai a 2002, bayan gobarar makarantar 'yan mata a nan Makka da ta ci rayuka 15, aka haɗe hukumar da ma'aikatar ilimi. Mu da muke garin ba mu manta da ranar ba, Allah Ya jiƙansu. A 2009 Sarki Abdallah ya naɗa Nura al-Fayiz mataimakiyar ministan ilimi, mace ta farko a wannan matsayi. A 2017 kuma aka amince da darasin motsa jiki a makarantun 'yan mata.

Abin da ke damuna shi ne kasafi. Shugabar makaranta mace ce, malamai mata ne, to a ƙara yawansu inda ake raba kuɗi da gine-gine mana.

Amma Hajiya, ki fara duba takardunta, domin aikin koyarwa na gwamnati 'yan ƙasa ake fifitawa, baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, yana shan wuya.