Me ya sa hoton ƙananan mutum-mutumina ke fitowa dishi-dishi?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ina tara ƙananan mutum-mutumi na roba, irin na jaruman katun, wasu tsayinsu bai wuce yatsa ba. In na ɗauke su da waya, ko dai hoton ya yi dishi-dishi ko fuskar ta cika da ƙyalli. Sai na sayi babbar kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Riƙe kuɗinka tukuna. Matsalarka tazara ce da haske, kuma ko wace irin kyamara ka saya, da su za ka sake cin karo.

Da yake abin ƙarami ne, sai ka ga mutum ya kai waya har ta kusa taɓa shi. To, kowace kyamara tana da iyakar kusancin da take iya kama abu tsaf, in ka wuce nan komai sai ya dushe. Ko ba ka wuce ba, iya matsowarka iya ƙanƙantar wurin da zai fito sarai, shi ya sa hanci ke fitowa garau kunne kuma ya ɓace. Ja da baya kamar santimita 30 zuwa 40, ka danna 2x, wato maɓallin da ke zuƙo hoto ninki biyu, ka taɓa idon mutum-mutumin a kan allo. Sannan ka sauko da wayar daidai tsayin fuskarsa. In ka ɗauka daga sama, abin wasa ne a kan tebur. In ka sauko, sai ya yi kwarjini. Juya wayar ma kai ƙasa, don kyamarar ta kusanci tebur.

Haske kuwa, nan ne aikin yake. Fara da kashe filasha. Roba mai sheƙi kamar madubi take, siffar fitilar da ke haska ta take nuna maka. Filasha ƙanƙanuwa ce, sai ta bar farin ɗigo a goshi da baƙar inuwa a baya. Abin da kake nema shi ne haske mai faɗi. Ajiye tebur kusa da tagar da rana ba ta faɗowa cikinta kai tsaye, hasken ya shigo ta gefe, ka tsayar da farin kwali a ɗaya gefen. Matso da kwalin a hankali kana kallon allo, za ka ga inuwar kumatu tana washewa. In da dare ne, fitilar tebur ta isa, amma ka sa farar takarda ko yadi marar kauri tsakaninta da mutum-mutumin, kusa da shi, ba manne da kwan fitilar ba. Ka kuma sani in ka ninka tazarar fitila, hasken da ke isa gare shi kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Kar ka haɗa haske iri biyu: a ma'aunin launin haske, kwan fitila mai rawaya yana wajen 2700K, hasken rana wajen 5500K, kyamara kuwa ɗaya kawai take iya daidaitawa. In taga ka zaɓa, kashe wutar ɗaki.

Jingina wayar da littattafai, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa 3, don taɓawar yatsa kaɗai na girgiza hoto. In kyamarar tana da tsarin Pro, inda kake saita komai da kanka, bar ISO, wato ƙarfin karɓar haskenta, a 50 ko 100. A bayan mutum-mutumin ka shimfiɗa kwali guda, ka lanƙwasa shi ya hau bango ba tare da karya shi ba. Ka kuma share ƙura da burushi mai laushi, don wadda ido bai gani ba kyamara za ta tona ta.

Wajen gyara, manhajar Snapseed kyauta ce kuma ta wadatar. White Balance zai cire rawayar, Healing ya goge ɗigon ƙura, Selective ya ɗan ƙara wa fuska haske. Ni dai ba na son tsarin Portrait na kyamarar waya, mai dusar da bayan hoto, a wannan aiki, sau da yawa yakan cinye bakin takobi ko gashi ya haɗa su da bango. Launi ma kar ka cika masa hannu, musamman in hoton na sayarwa ne, don mai saye ainihin fentin yake son gani.