Wannan jerin tamfilet da kake tambaya

Yaro, ka ce duk sanda ka buɗe PowerPoint za ka fara sabon aiki, tamfilet (wato tsararrun fayilolin da ake ɗora sabon aiki a kansu) da aka yi amfani da su kwanan nan sai su jeru a gabanka, kana son sanin yadda ake share su. Da wani ne da na ce ya je ya lalubo da kansa. Amma jerin nan ya taɓa raba ni da babban kwastoma, har gobe abin yana ci mini rai.

Wani kamfani ne nake wa aiki. Na zauna na gina musu tamfilet tun daga tushe: launinsu, tambarinsu, girman rubutu, gurbin jadawali, duk na daidaita a uwar silaid, wadda sauran silaid ke bin tsarinta. Sai ga wani mutum da ya taɓa kawo mini ɗan aiki, baki kamar zuma, wai kwamfutarsa ta ƙi tashi, yana da taro, in ara masa tawa ya gyara silaid biyu. Na tashi na ba shi kujerata. Ashe yana danna sabon aiki, sunan kamfanin ne a sahun farko. Ya buɗe, ya kwafe a filashinsa, ya yi godiya har da addu'a. Abokan hamayyar kamfanin yake wa aiki! Ranar gabatar da tayin kwangila, zaure ɗaya suka shiga, aka haska nasa, aka haska nasu, tambari kawai ya bambanta. Manajan ya kira ni, ko gaisuwata bai amsa ba, ya ce na sayar da sirrinsu. Suka riƙe ragowar kuɗina, suka janye aikinsu. Da na tare mutumin, ido cikin ido ya ce ai bai fasa komai ba, a buɗe ya tarar. Allah ya isa tsakanina da shi.

Cire sunan fayil daga jerin ayyukan baya, wannan danna maɓallin dama na linzami ne kawai, ba zan ɓata bakina ba. Na tamfilet shi ke da taurin kai, don a rajistar Windows, inda kwamfuta ke adana saituna, yake kwana. Rufe PowerPoint tukuna. Buɗe regedit, manhajar gyara rajistar, bi HKEY_CURRENT_USER, Software, Microsoft, Office, sannan lambar sigarka: 14.0 ta 2010, 15.0 ta 2013, 16.0 daga 2016 zuwa sama. A ƙarƙashin PowerPoint nemi reshen da ke riƙe da tamfilet na baya-bayan nan. Ka fitar da kwafinsa ka ajiye kafin ka goge ko layi ɗaya. Ku yaran yanzu kun fi son ku kalli bidiyon minti ɗaya ku hau goge-goge, in kwamfuta ta rikice ku ce da ma haka kuka same ta.

Kuma kada ka ɗauka share jeri ya share fayil. Fayil ɗin tamfilet, mai ƙarewa da .potx, yana nan daram, galibi a jakar Custom Office Templates da ke cikin Documents. Tamfilet na kwastoma ba wurin zamansa ba ne nan. In an gama aiki, kwashe shi zuwa ma'aji mai kalmar sirri. Jerin kuma na kowane mai shiga daban ne, shi ya sa na buɗe wa baƙi nasu asusun a kwamfutar nan. Duk wanda ya zo aro, ko ɗan'uwana ne, can za ka shigar da shi, ka kuma tsaya a kansa har ya zare filashinsa.